Tsumman Bindiga da Faɗuwar Umdurman

Duk wanda ya tashi a garin da ake da maharba, ko ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan Sallah, ya san yadda ake ɗura bindigar toka. A zuba albarushi ta baki, a bi shi da ɗan tsumma ko ɓawon rama, a sa siririn ƙarfen nan a danna shi sosai, sannan a zuba dalma, a sake toshewa da wani tsumman. Na farkon shi ke tare ƙarfin wuta a bayan dalma don kada ya sulale ta gefe, na biyun kuma shi ke hana dalmar zubewa idan aka sunkuyar da bakin bindiga. In babu su, ƙara da hayaƙi kawai za a samu, nama kuwa ya yi gaba abinsa.

A shirye-shiryen tarihi da muke gabatarwa a rediyo, duk lokacin da hira ta zo kan yadda Turawa suka ci ƙasashenmu da yaƙi, amsar masu kiran waya kusan ɗaya ce: sun fi mu bindiga. Gaskiya ne, amma maganar ba ta cika ba. Akwai daular Musulmi a Afirka da ta mallaki dubban bindigogi na zamani, irin waɗanda sojan Masar ke riƙewa, kuma duk da haka aka gama da rundunarta kafin azahar. Wannan ita ce daular Mahadi ta Sudan, wadda ta yi mulki daga Umdurman tsakanin 1885 da 1898. Abin da ya ci ta yana cikin harsashi ne, kuma ta kan ɗan tsumman nan za a fi gane shi.

Abin da ke cikin harsashi

Lokacin da aka bar ɗuri ta baki aka koma ɗuri ta gindi, a tsakiyar ƙarni na 19, ba a yar da dabarar maharbi ba. Tattara ta aka yi wuri guda aka rufe a cikin kwanson tagulla. A gindin kwanson akwai 'yar ƙyastu mai ba da tartsatsi idan an buge ta, sai albarushi, sai matoshi, sai ƙwayar dalma a baki. Matoshin nan shi ne jikan tsumman maharbi.

Mu ɗauki harsashin bindigar Martini-Henry, wadda sojan Ingila suka riƙe tun daga shekarun 1870. A cikinsa akwai baƙin albarushi kimanin giram 5.5, da dalma mai nauyin giram 31 wadda aka naɗe da farar takarda. Tsakanin albarushin da dalmar akwai ɗan faifan kwali, sai curin kakin zuma, sai wasu faya-fayan kwali biyu a samansa. Kowanne da aikinsa. Kwalin ƙasa yana hana kakin narkewa ya jiƙa albarushi. Na sama yana kare gindin dalma daga zafin wuta, domin dalma ƙarfe ce mai taushi, kuma idan gindinta ya lotse ba za ta tafi a miƙe ba. Shi kuwa kakin, idan an harba sai ya shafe cikin bututu ya tausasa dauɗar da albarushi ke bari. Baƙin albarushi ba ya cinyewa duka, wajen rabinsa toka yake zama, kuma a busasshiyar iskar hamada tokar nan kan daskare ta cike zanen murɗe da ke cikin bututu, wanda shi ne ke juya harsashi ya sa shi ya tafi inda aka auna. Ga kuma aikin cike gurbi: baƙin albarushi yana son a matse shi, ba ya son a bar masa fili tsakaninsa da dalma.

Su kansu Ingilishi ƙasar Sudan ta koya musu darasi a kan harsashi. A yaƙin Abu Tulaih, ranar 17 ga Janairun 1885, bindigoginsu da dama sun cije saboda zafi da rairayi, domin kwanson da suke amfani da shi a lokacin siririn fallen tagulla ne da aka naɗe. Bambancin shi ne, su suna da masana'antu a gida. Ƙorafin sojoji ya isa Landan, aka koma yin kwanso curarre mai ƙwari.

Soba, Khartum, Umdurman

Kafin mu shiga labarin yaƙi, bari mu san wurin. Soba da nake nufi ba Sobar ƙasar Zazzau ba ce. Tsohon birni ne a gabashin gaɓar Shuɗin Nilu, kimanin kilomita 20 daga Khartum, kuma shi ne babban birnin daular Alwa ta Kiristocin Nuba. Ibn Sulaim al-Aswani, wanda ya rubuta labarin ƙasar Nuba a ƙarni na 10, ya siffanta shi da gine-gine masu kyau da coci-coci da lambuna, har da unguwar Musulmi. Birnin ya faɗi wajejen shekara ta 1500. Da Turkawan Masar suka kafa Khartum a shekarun 1820, sai aka riƙa kwasar jan bulon kangon Soba ana gina sabon gari. Da Khartum ta faɗi kuma, Halifa Abdullahi ya sa aka tashe ta a 1886, aka kwashe bulo da katako da ƙofofinta aka tsallaka kogi da su zuwa Umdurman. Gari uku ke nan, kowanne an gina shi da ragowar na gabansa. Haka daular Mahadi ta yi da makamanta.

Muhammad Ahmad ya bayyana kansa a matsayin Mahadi a 1881 a tsibirin Aba, kuma da sanduna da masu da takubba mabiyansa, wato Ansar, suka ci nasararsu ta farko. Da fari ba su ɗauki bindiga a bakin komai ba, makamin Turkawa suke ganin ta. Abin da ya sauya ra'ayi shi ne harin da suka kai wa birnin al-Ubayyid ranar Juma'a, 8 ga Satumban 1882, inda 'yan tsirarun sojoji a bayan ganuwa suka kashe dubbansu da bindigar Remington. Daga nan aka fito da bindigogin ganima da aka ajiye, aka kafa rundunar 'yan bindiga mai suna Jihadiyya a ƙarƙashin Hamdan Abu Anja, wadda yawancinta tsofaffin sojojin gwamnati ne da aka kama.

Ita Remington ɗin ƙirar Amurka ce, mai cin harsashi ɗaya-ɗaya ta gindi, wadda Khidiwi Isma'il na Masar ya sayo wa sojansa da yawan gaske. Bindiga ce mai sauƙi da ƙwari, ba ta cika lalacewa ba. Birnin al-Ubayyid ya miƙa wuya a Janairun 1883 da duk makaman da ke cikinsa. A Nuwamban wannan shekara aka hallaka rundunar Hicks Pasha ta mutum wajen 10,000 a dajin Shaikan, aka kwashe bindigogi da igwa da akwatunan harsashi. A Satumban 1884, lokacin da Janar Gordon ke tsare a Khartum, ya tura kwamandansa mafi ƙwazo, Muhammad Ali Pasha Husain, ya bi gaɓar Shuɗin Nilu. A kusa da Ailafun, gaba kaɗan da kangon Soba, mutanen Shaihu al-Ubaid suka yi masa kwanton ɓauna, suka kashe shi da ɗaruruwan sojojinsa, bindigoginsu kuma suka koma hannun masu kewaye da gari. Daga wannan rana Gordon bai sake iya fitar da runduna mai ƙarfi daga Khartum ba. Garin ya faɗi ranar 26 ga Janairun 1885.

Saboda haka, ranar da Mahadi ya rasu a Yunin 1885 ya bar wa Halifa Abdullahi tarin bindigogin da babu wani sarki a tsakanin Nilu da Kwara da ya mallaki irinsa. To amma Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Bindiga ɗaya za ta iya yin shekara ashirin tana aiki, shi kuwa harsashi sau ɗaya ake harba shi.

Aikin da aka yi a Umdurman

Ba za a ce Halifa bai gane wannan ba. Ya tattara makamai a wani katafaren gida a Umdurman da ake kira Baitul Amana, ya hana a riƙa raba harsashi barkatai. Ya bar ma'aikatar gyaran jiragen ruwa da ta makamai da ya tarar a Khartum suna aiki, ya kuma riƙe Misirawan da suka yi wa Gordon aikin ɗura harsashi lokacin tsare gari. Kwanson da aka harba ya zama dukiya, ana tsince shi a mayar a sake ɗurawa.

Sai mai karatu ya tsaya ya lissafa abin da sake ɗurin nan ke bukata. Albarushi haɗin abu uku ne: gawayi, da farar wuta, da wani gishiri da ake tacewa daga ƙasar tsofaffin kangaye da turakun dabbobi. Gawayi ba wuya. Gishirin yana bukatar taciya mai kyau, in ba haka ba albarushi ya riƙa shan danshi yana ci a hankali. Farar wuta da dalma kuwa sun yi ƙaranci, domin Masar ta toshe hanyar arewa, Ingilishi na zaune a tashar Sawakin a Bahar Maliya, abin da ke shigowa sai ta ɓarauniyar hanya. Ƙyastun gindin kwanso ya fi komai wuya, don haɗin magunguna ne mai hatsari da sai wanda ya karanci fannin. Shi kansa kwanson, duk harbi yana buɗewa yana gajiya, har ya kai ga tsagewa. Bayan duk wannan sai a zo kan awo: dalma ta zama daidai faɗin bututu, albarushin kowane kwanso ya zama daidai da na ɗan'uwansa, matoshi ya zauna daram ba tare da ya karkace ba.

Don neman masu wannan sani Halifa ya shiga har kurkuku. Wani ɗan kasuwa Bajamushe, Charles Neufeld, wanda aka kama a 1887, an fito da shi daga gidan yari aka sa shi aikin tace gishirin albarushi a Halfaya da Khartum. Bayan an 'yanto shi a 1898 an zarge shi a Turai da taimaka wa Halifa, ya kare kansa a littafin da ya fitar a 1899. Shi da limamin Katolika Joseph Ohrwalder, wanda ya tsere a 1891, da Rudolf Slatin, wanda ya tsere a 1895, su ne suka bar mana mafi yawan bayanin da Turawa suka dogara da shi a kan wannan aiki. Dole a karanta su da lura, domin fursunoni ne masu jin haushi, kuma littattafan Ohrwalder da Slatin sun bi ta hannun Wingate, shugaban leƙen asirin sojan Masar, wanda ke son a amince a sake cin Sudan da yaƙi. Amma a kan batun harsashi, marubucin soja ɗan Sudan, Ismat Hasan Zulfo, wanda ya rubuta littafin Karari daga ɓangaren Ansar, bai saɓa musu ba: harsashin gida bai kai na kamfani ba.

A ganina, abin yabo ne ƙwarai a ce ƙasar da aka toshe ta ko'ina, wadda ta sha yunwar shekarar Hijira 1306 da ta kashe mutane ba adadi, ta iya riƙe 'yan bindigarta shekara goma sha uku. A cikin wannan lokaci ta gwabza da Habasha a Gallabat a Maris ɗin 1889, inda Sarki Yohannes na Huɗu ya rasa ransa. Sai dai kowace 'yar tangarɗa a cikin kwanso tana da farashi. Albarushi mai rauni yana rage nisa. Dalmar da ba ta cika bututu ba, ko matoshin da bai toshe ba, suna barin wuta ta wuce ta gefe. Rashin man shafawa yana sa bututu ya cushe bayan 'yan harbe-harbe. Ɗan bindigar da harsashinsa na yau ya sha bamban da na jiya ba zai taɓa sanin inda zai auna ba, kuma tunda ana tattalin harsashi, ba ya samun na gwaji balle ya koya. A hankali Remington ɗin da aka ƙera don ta kai nesa ta koma makamin kusa, kamar bindigar toka.

Karari

A daidai wannan lokaci abokan gaba sun yi gaba. Sojan Ingila ya koma bindigar Lee-Metford mai cin harsashi da yawa a ɗuri guda, da sabon albarushi marar hayaƙi wanda ba ya cushe bututu. Kitchener ya fara tahowa a 1896, ya shimfiɗa layin dogo ya ratsa hamada daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad a 1897, ya ci yaƙin Atbara ranar 8 ga Afrilun 1898. Layin dogon nan da jiragen ruwa su ne suka haɗa bakin bindigarsa da masana'antun Ingila.

Ranar Juma'a, 2 ga Satumban 1898, aka haɗu a filin Karari, arewa da Umdurman. Ansar sun kai kimanin 50,000, rundunar Kitchener kuwa wajen 25,000, Ingilishi da Misirawa da 'yan Sudan. Da gari ya waye Ansar suka taho da tutocinsu a fili fetal. Igwa ta fara, bindigogin Maxim suka bi, sojojin Ingila suka buɗe wuta tun daga nisan yadi 2,000. 'Yan bindigar Halifa sun harba, amma yawancin harsashinsu bai yi wani tasiri ba daga nisan da aka tsayar da su. Kafin tsakar rana an kashe Ansar fiye da 10,000, a ɗaya ɓangaren kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Winston Churchill, wanda yana cikin mahayan Ingila a ranar, ya shaida jarumtakar mutanen da aka kashe a littafin da ya rubuta a kan yaƙin.

Akwai wani abu da ya faru a ranar da ba a cika ambata ba. A kashi na biyu na yaƙin, rundunar Hector Macdonald, wadda yawancinta sojojin Sudan ne masu riƙe da Martini-Henry, ta fuskanci hari daga ɓangare biyu, ta yi ta harbi har harsashinta ya kusa ƙarewa kafin agaji ya iso. A nan ne Ansar suka fi matsowa kusa. Ko mai nasara, ashe, rayuwarsa a cikin akwatin harsashi take. Halifa ya fice daga Umdurman, aka cim masa a Umm Diwaikarat a Nuwamban 1899, ya rasu tare da manyan sarakunan yaƙinsa.

Mu nan gida

Wannan labari ba na nesa ba ne. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi wa Mahadi mubaya'a ta wasiƙa, ya kafa sansaninsa a Balda a ƙasar Adamawa. Rabeh, wanda ya ci Borno a 1893 ya zauna a Dikwa, haifaffen Halfaya ne, garin da aka sa Neufeld tace gishiri, kuma ƙarfinsa duka a kan 'yan bindiga yake. Shi ma matsalarsa ke nan: mutanensa suna haɗa albarushi suna gyaran bindiga, amma bindigogin zamani da harsashinsu sai an nemo daga nesa. Faransawa suka kashe shi a Kusiri ranar 22 ga Afrilun 1900. A Damagaram, Sarki Tanimu ya sa an ƙera igwa an haɗa albarushi a cikin birnin Zinder. Can yamma kuma, maƙeran Samori Ture sun kai ga kwaikwayon bindigogin Faransa da hannu, sojojinsa na tsince kwanso bayan yaƙi ana sake ɗurawa.

Turawa sun san inda lagon yake. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu a Brussels a 1890, da sunan yaƙi da cinikin bayi, ta taƙaita sayar da bindigogin zamani da harsashinsu a mafi yawan Afirka, amma ta bar ƙofa ga bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Wato an bar mana bindigar tsumma, an hana mu ta kwanso. Da wannan giɓi aka zo Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, aka zo Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yulin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da sauran jama'a har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Ruwan Shuɗin Nilu da ke wucewa ta gaban garinsu shi ne ke gangarowa ya wuce kangon Soba kafin ya isa Khartum.

Bayan samun 'yancin kai, ƙasashen biyu sun nemi cike giɓin ta hanya iri ɗaya. Sudan ta kafa masana'antar harsashi a unguwar Shajara da ke Khartum wajejen 1960, Najeriya ta kafa DICON a Kaduna a 1964, kuma kamfanin Jamus guda, Fritz Werner, shi ya kawo wa dukansu injuna. Sudan ta yi nisa a wannan fanni har ta zama cikin manyan masu ƙera makamai a Afirka. Amma a safiyar 15 ga Afrilun 2023, a kusa da sansanin dakarun RSF da ke yankin Soba a kudancin Khartum, aka ji harbe-harben farko na yaƙin da ya raba miliyoyin 'yan Sudan da gidajensu, ciki har da Hausawan can da ɗalibanmu da ke karatu. A wannan karon harsashi bai yi ƙaranci ba, kuma a kan 'yan ƙasa ya ƙare.

Idan muna ba da tarihin yaƙe-yaƙenmu, sarakuna da barade muke ambata, da mawaƙan da suka wasa su. Ba mu cika tambayar wa ya tace gishiri, wa ya zuba dalma, wa ya yanka matoshi daidai faɗin kwanso ba, alhali ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ina roƙon masu bincike a jami'o'inmu su je wurin tsofaffin maƙera da maharba na Kano da Katsina da Damagaram, su rubuta sunayen kayan aikinsu da yadda suka gaji sana'ar, tun suna raye. Su ne kaɗai suka rage da za su iya faɗa mana da Hausa abin da mutanen Umdurman suka sha fama da shi. Allah Ya jiƙan magabata, Ya kawo wa Sudan da ƙasashenmu zaman lafiya.